Idan Bawul ɗin Hita Ya Cije a Tsohuwar Mota

    

Yau a shirinmu na mota da gyaranta, maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba. Sunansa bawul ɗin hita. Idan ya cije, ya ƙi buɗewa ko ya ƙi rufewa, yaya za a yi da shi? Za mu fara da aikinsa, mu ga abin da ke sa shi cijewa, sannan mu daɗe a kan yadda ake gano ainihin inda matsalar take, domin a nan ne aka fi yin ɓarna. Daga nan sai gyara. Ku matso kusa da rediyo.

Kashi na farko: mene ne aikin wannan bawul?

Inji idan yana aiki zafi yake yi. Ruwa ne ke zagayawa a cikinsa, ya ɗebi zafin ya kai lagireto, iska ta buga shi ya huce, ya dawo. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne akwai wani ɗan lagireto na biyu, ƙarami, a ɓoye cikin akwati daf da dashbod. Shi ne cikin hita. Ana ɗibar kaɗan daga ruwan zafin inji a bi da shi ta cikinsa. Wata 'yar fanka ta hura iska ta jikinsa. Iskar ta ɗumama, ta fito wajen ƙafafunku ko kan gilashin gaba.

To wa ke ba ruwan nan hanya? Bawul. Kamar kan famfon tsakar gida yake: a murɗa ruwa ya zo, a murɗa ya tsaya. Sai dai shi wannan yana can cikin gidan inji, direba kuma yana kan kujerarsa. Saboda haka aka haɗa su da waya. Direba ya murɗa maɓalli a dashbod, waya ta ja ko ta tura, hannun bawul ya juya.

Abu uku ke nan: maɓalli, waya, bawul. Ku riƙe su. Maɓalli, waya, bawul. Za mu dawo kansu.

Yawancin motocin zamani ba haka suke ba. Su ruwan zafi kullum yana bi ta cikin hita, wata 'yar ƙofa ce ke karkatar da iska. Ita kuwa tsohuwar Volkswagen Beetle iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto, ba ta da wannan bawul. Maganarmu ta yau ta tsofaffin motoci ce masu lagireto.

Motar da zan yi misali da ita ita ce MGB, 'yar ƙasar Ingila. A garin Abingdon, kusa da Oxford, aka riƙa ƙera ta daga 1962 zuwa 1980. An yi sama da rabin miliyan, kuma mafi yawansu Amurka aka kai su. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa 1798 cc. Na zaɓe ta ne don bawul ɗinta a fili yake, da an ɗaga bonet za a gan shi. Yana manne a gefen kan silinda da noti biyu, a ɓangaren da fulogai suke. Kuma ku saurari wannan da kyau: daidai ƙarƙashinsa dilko yake. Dilko shi ne mai raba wuta ga fulogai. Bawul a sama, dilko a ƙasa. Duk ranar da bawul ya fara ɗiga, a kan dilko zai ɗiga. Sai mota ta fara tari, tana fizga, ta mutu a hanya. Mai ita ya yi ta canza fulogi, ya yi ta zargin kafireto, alhali ɗigon ruwa ne daga sama. Masu MGB sun daɗe da sanin wannan hali nata.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da zafin rana, ina ruwanmu da hita? Tambaya ce mai kyau. Mu ma muna da tsofaffin motocinmu: Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Mercedes ƙirar W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986. Duk wadda ke da hita a cikinsu tana da irin nata bawul, ko da siffarsa da wurin zamansa sun bambanta. Kuma hita tana da rana. Wanda ya taɓa sammako cikin hunturu, ko ya kwana a Jos a watan Janairu, ya sani. Da damina, ana tsaka da ruwa, gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, iska mai ɗumi ce ke share shi da sauri. Sannan idan kana hawan tudu da kaya, ka ga allurar zafi tana hawa, buɗe hita gaba ɗaya tare da fankarta yana rage wa inji zafi har ka samu wurin tsayawa. Za ka sha gumi, amma ka ceci inji. Shi kuwa bawul ɗin da ya cije a buɗe, a watan Afrilu, iskar zafi yake ta kwararo wa direba a ƙafa tun safe har dare.

Kashi na biyu: me ke sa shi cijewa?

Zama wuri ɗaya, da mugun ruwa. Waɗannan biyun ne kan gaba.

A Ingila akan bar bawul a rufe duk lokacin zafi, sai sanyi ya shigo a neme shi. A wurinmu kuwa yakan shekara ba a taɓa shi ba. Hannunsa na waje ƙarfe ne. Ƙura ta hau, danshi ya hau, tsatsa ta kama. Ƙarfe da ƙarfe su manne.

A ciki kuma wani abu ne daban ke faruwa. Kan silindar MGB baƙin ƙarfen zubi ne. Jikin bawul wani ƙarfe ne mai laushi, fari-fari. Cikin hita jan ƙarfe ne da tagulla. Idan ƙarafa iri-iri suka haɗu cikin ruwa guda, mai rauni a cikinsu shi ke fara cinyewa. Maganin wannan yana cikin kulan, wato ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan don lagireto. A cikinsa akwai sinadarin hana tsatsa. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mota nawa ce a garinku ke shan kulan? Yawanci ruwan rijiya ne ko na burtsatse, a buta. Irin wannan ruwa yana ɗauke da gishirin ƙasa. Idan ya yi zafi, sai gishirin ya kwanta a inda hanya ta fi ƙunci. Kuma a duk zagayen ruwan mota, hanyar cikin bawul tana cikin mafi ƙunci.

Idan ka cire tsohon bawul ka leƙa bakinsa, ga abin da za ka gani. Wani abu fari, gauraye da ja-ja, ya daskare ya cika ramin. Ka sa bakin sukudireba ka kankara, ya riƙa marmashewa yana zubowa a tafin hannunka. Ramin da ya kamata ɗan yatsa ya kusa shiga, sai ka tarar ko tsinken ashana da kyar. A bayan wannan akwai wani faifan roba mai laushi, shi ne ke matsowa ya toshe hanya, ya ja baya ya buɗe. Da tsufa robar kan bushe, ta tsage. Daga nan ɗigo ya fara.

Mu ɗan sha iska, mu dawo.

[Kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Ga waɗanda yanzu suka kama mu, muna magana ne a kan bawul ɗin hita idan ya cije a tsohuwar mota. Mun iso kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin: gano inda matsalar take kafin a taɓa komai.

Ga abin da ke faruwa kullum. Direba ya murɗa maɓallin hita, ya ji ya yi tauri. Ya ƙara ƙarfi. Ya sa hannu biyu. Sai ya ji ƙas! Maɓalli ya koma yana juyawa sakaka. A bayan maɓallin nan akwai ƙananan haƙoran ƙarfe, kuma wayar kanta siririya ce. Ba a yi su don kokawa ba. Da matsala ɗaya yake da ita, yanzu ya koma da biyu. Don haka doka ta farko: idan maɓalli ya yi tauri, a sake shi. Kada a tilasta. Ina maimaitawa, kada a tilasta.

Abin da za a fara yi shi ne gwajin tiyo. A tayar da mota, a bar inji ya ɗauki zafinsa na aiki. A nesanta hannu da riga daga fanka da fanbel, musamman mai babbar riga. Tiyo biyu ne ke zuwa akwatin hita: ɗaya daga bawul ya kai ruwa, ɗaya ya dawo da shi. A taɓa su a hankali da bayan hannu.

Idan maɓalli yana kan zafi, amma tiyon da ya fito daga bawul ya yi sanyi, ruwa ba ya wucewa. Ko bawul ya cije a rufe, ko ya toshe. Idan maɓalli yana kan kashe, amma duka biyun sun yi zafi rau, bawul ya cije a buɗe, ko ba ya rufewa sosai. Idan kuma na shiga ya yi zafi, na dawowa ya yi sanyi, to bawul yana aikinsa. Cikin hita ne ya toshe, ko iska ta maƙale a ciki.

Bari in tsaya a nan in faɗi wani abu da ke damuna. Kanikawa da yawa a ƙasarmu, da mota ta shigo hannunsu, sai su cire tamostat su jefar, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Tamostat shi ne ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da ya dace. Littafin MGB ya ba da mai buɗewa a digiri 82 a ma'aunin Selsiyos, ya ba da mai 74 don ƙasashen zafi, da mai 88 don ƙasashen sanyi. Kun ga masu ƙera motar sun yi tunanin irin ƙasarmu, suka ba mu namu. Ba su ce a cire ba. Injin da babu tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa, kuma da safiyar hunturu hitarsa ba za ta yi ɗumi ba. Sai a ɗora laifi a kan bawul, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Kafin a hukunta bawul, a tabbata tamostat yana nan.

Yanzu a kashe mota, a bar ta ta huce sarai. Kun tuna abu ukun nan? Maɓalli, waya, bawul. Raba su za mu yi, kowa ya amsa tambayarsa shi kaɗai.

A wurin bawul, rigar waya tana damƙe da wani ɗan maƙali, ita kuma wayar ciki ta ratsa wani ɗan ƙarfe mai sukuru a hannun bawul. Kafin ka kwance, ɗauki hoto da wayar hannunka, ka ga yadda komai yake zaune. Sannan sassauta sukurun, wayar ta fita daga hannun bawul.

Shiga mota, murɗa maɓalli. Ya juya lafiya, kana ganin bakin waya yana shiga yana fita? To waya da maɓalli sun fita daga zargi. Bawul ne. Har yanzu da tauri, ga shi ba a haɗe da komai ba? To waya ce, ko maɓallin. Koma wurin bawul, kama hannunsa da yatsunka, gwada juya shi. Idan ya juya, ka tsira daga zubar da ruwa da kwance noti.

Wannan gwaji bai fi minti biyar ba. Amma sau da yawa akan sayi sabon bawul, a sha wahalar ɗaura shi, a murɗa maɓalli a tarar yana nan da taurinsa, don tun farko waya ce ta yi tsatsa a cikin rigarta. A raba su tukuna. A raba waya da bawul tukuna.

Idan waya ce, aikin da sauƙi. A bi ta daga dashbod zuwa inji, a ga ko ta lanƙwashe ko wani abu ya danne ta. A zaro ta ciki in tana zaruwa, a goge da samfefa mai laushi, a shafa mai kaɗan, a mayar. Wadda ta karye ko ta yi mummunan lanƙwasa, a canza ta kawai.

Kashi na huɗu: bawul ne ya cije, sai gyara.

A fara daga waje, ba tare da an cire shi ba. A goge hannun da inda yake juyawa da burushin waya. A rufe dilko da leda. A fesa man nan mai ratsa tsatsa, irin su WD-40, a daidai inda ƙarfe ke goga ƙarfe. Kaɗan ya isa, domin man fetur da danginsa suna kumbura roba. Wasu kan ɗiga man burki. A kiyayi wannan, yana cin fenti.

Sai a jira. A nan ake gane ƙwararre. Yaron kanike ya fesa mai, ya gwada, ya ɗago kai ya ce, "Oga, ya ƙi motsi. In ɗauko guduma?" Ogan ya ce, "A'a, ajiye ta. Ƙara masa mai, ka bar shi ya kwana. Allah ya kai mu gobe." Wannan oga ya san aikinsa. Washegari a kama hannun da filaya, a ɗan motsa shi gaba kaɗan, baya kaɗan. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Za ka ga wani jan ruwa yana fitowa daga gaɓar, tsatsa ce ke saki. A goge, a ƙara mai, a ci gaba. A hankali tafiyar hannun za ta riƙa ƙaruwa har ya kai ƙarshe da ƙarshe. Ba guduma. Ba wuta. Jikin bawul ba ya jure duka, robar ciki ba ta jure wuta, ga fetur a kusa.

Idan ya saku, a tayar da mota a zuba masa ido. Tsohuwar robar da ta shekara a wuri ɗaya takan tsage a ranar da aka motsa ta. In ka ga danshi a jikinsa, ko kuma ya saku amma har yanzu ruwa ba ya wucewa, dole a cire shi.

Kafin a cire, gargaɗi biyu. Na farko, kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da an buɗe sai ya yi tsiri, ya ƙona fuska da hannu. Na biyu, kulan guba ne. Yana da ɗan zaƙi-zaƙi, ga launi mai jan ido. Yaro kan ɗauka lemo ne. Kaji da awaki da kyanwa sukan sha. Yana lalata ƙoda, yana kisa. A tare shi a roba mai murfi, a ɗaga shi sama. Iyaye mata da ke saurare, idan maigida yana gyaran mota a tsakar gida, ku sa ido a kan wannan robar.

A cire kan batir. A MGB kada a neme shi a gidan inji, yana bayan kujeru, kuma na farko-farko batir biyu ne masu bolt 6 kowanne. A rage ruwan lagireto har ya sauka ƙasa da kan silinda. A sassauta kilif ɗin tiyo, a murɗa tiyon hagu da dama har ya saki. Idan ya manne, a tsaga shi da reza a sa sabo. Tiyo ya fi bakin bawul araha.

Sai notin nan biyu. Motar Ingila ce ta wancan zamani, da inci aka auna notinta. Sifanar da ta dace ita ce 7/16. Akwatin yawancin kanikawanmu na milimita ne. Lamba 12 ta yi masa yawa, za ta murje kan notin ya zama da'ira, daga nan wahala ta fara. A nemo sifanar inci. Na ƙasan yana da wuyar kamawa, wurin a matse yake, sai kaɗan-kaɗan. Idan noti ya yi gardama, a fesa mai, a jira, a ɗan ƙara ɗaure shi ƙiris kafin a kwance. Wannan ɗan motsin yana fasa tsatsa. Notin da ya karye a cikin kan silinda sai an huda an fitar, aikin rabin yini ya koma na kwanaki.

Bawul ya fito. Kada a tsaya a kansa kawai, a leƙa ramin da ya bari a jikin inji. Sau da yawa shi ma a toshe yake. A sa waya mai kauri a sosa har a ji ta shige. A kankare bakin bawul, a wanke. Don a gwada shi, a zuba ruwa ta bakinsa: hannu a buɗe, ruwa ya fito ta ɗaya gefen, hannu a rufe, ruwa ya tsaya. Kada a sa baki a hura, mun ce guba ne.

A gyara ko a canza? Ga ra'ayina. Idan jikinsa bai cinye ba kuma roba ba ta tsage ba, a wanke shi a mayar. Na asali yakan fi wasu sababbin da ake kwaikwayo inganci. Idan roba ta tsage ko bakinsa ya rube, kada a ɓata lokaci da gam. A nemi sabo. Kayan MGB har yau ana yin su ana sayarwa a Ingila da Amurka. Wanda bai samu ba, akwai hanyar da ta halatta: a yanka ɗan faranti na ƙarfe daidai ramin, a ɗaura masa ƙaramin famfon tagulla da ake murɗawa da hannu. Ƙannen wannan mota, MG Midget da Austin-Healey Sprite, da irin wannan famfo suka fito daga masana'anta. Sanyi ya zo, ka ɗaga bonet ka buɗe. Zafi ya zo, ka rufe.

Akwai dabarar da aka saba, ta haɗa tiyon shiga da na dawowa a tsallake hita gaba ɗaya. A hanya, idan cikin hita ya fashe, wannan dabara tana kai mutum gida. Amma a lura. A MGB bawul a jikin inji yake. Idan shi ne ke yoyo, haɗa tiyo ba zai hana komai ba, zai ci gaba da ɗiga a kan dilko. Sai dai a cire shi a toshe ramin da faranti da gasket.

Tun da tiyo a kwance yake, a wanke cikin hita. A sa ruwa ta tiyon dawowa, ya fito ta na shiga, wato a juya masa hanya. Da farko zai fito ja kamar kunun kanwa, a ci gaba har ya yi fari. A hankali za a sa ruwan. Injin wankin mota mai ƙarfi yana iya fasa shi, domin da dalma aka liƙe shi.

Mayarwa ba ta da wuya. A kankare tsohon gasket har fuskar ƙarfe ta yi sumul. A sa sabo, da ɗan gam siriri. A shafa giris a haƙoran noti don wanda zai kwance nan gaba. A ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, kada a matse har kunnen bawul ya tsage. Wajen haɗa waya, a kai maɓalli kan kashe, a tura hannun bawul ya rufe ruf, sannan a ɗaure sukuru. A sa yaro ya murɗa maɓalli daga ciki, kai kana kallo, ka tabbata hannun yana kaiwa ƙarshe a kowane gefe.

A buɗe hita gaba ɗaya kafin a zuba ruwa, don iska ta samu hanyar fita. A mayar da kan batir, a tayar da mota murfin lagireto a buɗe tun tana da sanyi. Idan tamostat ya buɗe za a ga ruwa ya sauka, a ƙara. A mammatsa tiyo kumfa ta fito. A rufe, a zagaya da ita, a bar ta ta huce, a sake duba ruwa. A cire ledar da aka rufe dilko da ita. Washegari a shafa yatsa a ƙarƙashin bawul. In ya fito a bushe, aiki ya yi.

Kashi na ƙarshe gajere ne: yadda za a hana shi sake cijewa.

Sau ɗaya a wata, ko ana tsakiyar bazara, inji yana aiki, a murɗa maɓallin hita zuwa ƙarshe, a bar shi minti biyar, a mayar. Hannun ya motsa, roba ta motsa, ruwan da ya kwanta a cikin hita ya zagaya. Sau ɗaya a wata. A ɗiga mai a gaɓar hannun duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai.

A daina ba tsohuwar mota zallar ruwan rijiya. A sa kulan, aƙalla kashi ɗaya cikin uku, irin na da wanda ya dace da lagireton jan ƙarfe. A karanta jikin galan, kada a dogara da launi kawai. A canza shi duk shekara biyu, domin sinadarin hana tsatsar yana ƙarewa ko da launin yana nan. Ruwan da za a gauraya da shi ya zama tataccen nan da ake ƙara wa batir. A kula sosai a wurin saye: tataccen ruwa ake nufi, kada a karɓo asid. In bai samu ba, ruwan sama mai tsabta da aka tace ya fi na burtsatse.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe dilko mu ga abin da ke cikinsa, da yadda ake busar da shi idan ruwa ya shiga.